Wasiƙa ga Edita: Jan kunne ga 'yan'uwanmu masu shiga duwatsun Atlas na Maroko

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai albarka mu yi magana da 'yan'uwanmu masu zuwa ƙasar Maroko. Suna da yawa: ɗalibai daga Nijeriya da Nijar da ke karatu a Rabat da Fas da Marakesh da Kasabalanka, da masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, da 'yan kasuwa. In hutu ya samu sai su haɗa kuɗin mota su nufi duwatsun Atlas, wasu don su damƙi dusar ƙanƙara da hannunsu karon farko, wasu don su hau dutsen Tubkal, wasu kuma don su guje wa zafin Marakesh su tsoma ƙafa a rafin Urika. Hotunansu suna yawo a Facebook da WhatsApp, kuma su ne suka tayar mana da hankali. Ga saurayi da wandon jins da takalmin kambas tsamo-tsamo cikin dusar ƙanƙara. Ga iyali sun baje a kan teburin da aka kafa a tsakiyar rafi, motarsu tana ajiye a gindin kwari.

Mu mutanen fili ne. Hadarinmu tun daga gabas muke hango shi yana haɗuwa, iska ta riga shi isowa, mata su kwashe shanya, makiyayi ya kora dabbobi. A cikin duwatsu kuwa, abin da zai same ka a can sama ake haɗa shi, bayan wani tsauni, inda idonka ba ya kaiwa. Duk dabarun zaman mutanen Atlas a kan wannan aka gina su, kuma baƙon da yake so ya koma gida lafiya sai ya ari idonsu.

A fara da tudun wurin. Marakesh ba ta kai mita 500 daga saman teku ba, kusan ɗaya take da Kano. Ƙauyen Imlil, inda ake fara hawan Tubkal, yana da nisan kimanin kilomita 65 daga birnin, amma tudunsa ya kai wajen mita 1,740, ya ɗara Jos da kusan mita 500. Ƙololuwar Tubkal mita 4,167 ce, babu wadda ta kai ta a duk arewacin Afirka. Dutsen da ya fi kowanne tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato mai hawan Tubkal zai wuce wannan tsayin tun a yinin farko. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. In Marakesh tana kan digiri 18 da azahar a watan Janairu, to ƙololuwar tana wajen digiri 6 ƙasa da sifili, kafin ma a sa iska a lissafi. Masu zama a Fas kuma su tuna cewa Ifran, garin da suke zuwa yawon buɗe ido, nan ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a nahiyar Afirka: digiri 23.9 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935.

Mazauna ƙauyukan kewayen Tubkal Amazig ne, harshensu Tashelhit, ɗan'uwan harshen Buzayenmu. Gidajensu na dutse da ƙasa ne, jingine da jikin tsauni hawa-hawa, rufin wani farfajiyar wani. Wanda ya san soro zai gane rufin da kallo ɗaya: itatuwa a gicciye a matsayin azara, rassa a kansu, sannan ƙasa da aka daɓe, da indararo a gefe. Matsalar ita ce dusar ƙanƙara ba ta bin indararo kamar ruwan sama. Zama take yi. Da rana ɗumin rana da na ɗaki su narkar da ƙasanta, ruwan ya tsuma cikin daɓen, da dare ya daskare ya kumbura ya tsage shi, washegari yoyo ya fara, itace ya soma ruɓewa. Ga nauyi kuma. Rufin ɗaki mai mita 4 da mita 5, in jiƙaƙƙiyar dusa mai kaurin santimita 30 ta kwanta a kansa, yana ɗauke da abin da ya kai kilo 1,800, kamar a jibga masa buhun siminti 36. Shi ya sa da gari ya waye bayan an kwana ana zubawa, aikin farko shi ne hawa rufi. Da shebur na katako ake turewa, don na ƙarfe yana kankare daɓen. Ana farawa daga bakin indararo a buɗe masa hanya, a tura dusar zuwa lungun da ba ƙofar maƙwabci ba, in an gama a duba inda ya tsage a cike da ƙasa a tattake.

A gidajen gargajiya dabbobi ne a hawan ƙasa, saniya da alfadari da awaki, mutane a samansu, ɗumin jikin dabbobin yana hawowa ta daɓen. Tun kaka ake tara busasshiyar ciyawa da karan masara, domin da dusa ta rufe gangare kiwo ya ƙare. Kafin watan Nuwamba ya yi nisa magidanci ya shigo da garin sha'ir da alkama, da mai, da sukari da shayi, da tukunyar gas, mata kuma sun tara itacen da suka yi makonni suna ɗaukowa a baya. Kwana arba'in mafi tsanani, waɗanda suke kira liyali, suna farawa ranar 25 ga Disamba su ƙare 2 ga Fabrairu, kuma a cikinsu ƙauye yakan yi kwanaki babu motar da ta shiga ko ta fita. Abin da ke kashewa a irin wannan lokacin shi ne nisa daga asibiti: mai naƙuda, yaro mai ciwon haƙarƙari, tsoho mai tari. A sanyin 2006 zuwa 2007 yara da dama sun rasu a ƙauyen Anfgu da ke gabashin Atlas, abin ya girgiza ƙasar, kuma yanzu duk shekara hukumomi suna ƙidaya masu juna biyu a ƙauyukan da dusa ke datsewa don a sauko da su tun hanya tana buɗe. Baƙon da ya shiga irin wannan wuri babu shiri, in ya maƙale, daga cikin tanadin waɗannan bayin Allah zai ci, kuma su ne za su fita nemansa cikin dare.

Duk da wannan wahala, manomin Atlas addu'ar dusa yake yi. Ita ce rumbun ruwansa. Abin da ya taru a kan tsaunuka daga Nuwamba shi ne ke narkewa sannu a hankali daga Maris zuwa Yuni, ya bi magudanan da suke kira targa, waɗanda aka yanka a jikin gangare, ya shayar da 'yan fulotan sha'ir da masara da dankali da gonakin tuffa, kowane gida da ranarsa da sa'o'insa. Shekarar da dusa ta yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a shekarun fari a jere da ƙasar ta sha kwanan nan, rigimar rabon ruwa tun farkon zafi take tashi. Makiyayar tudu ma doka gare ta. A Ukaimedan, inda 'yan birni ke zuwa wasan zamiya a kan dusa, ana rufe makiyayar daga 15 ga Maris har 10 ga Agusta don ciyawa ta girma ta zubar da iri, sannan garkuna su hau gaba ɗaya. Wannan tsari shi suke kira agdal.

Kafin mu kai ga hawan dutse, akwai haɗarin da ke cikin ɗaki, kuma ya fi kama mutanenmu saboda mun saba da shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Haka na'urar dafa ruwan wanka mai amfani da gas, in an kafa ta a banɗakin da ba shi da taga, kuma duk sanyi sai ta yi kisa a Maroko. Alamar ita ce ciwon kai da jiri da tashin zuciya su kama duk waɗanda ke ɗakin a tare. In an ga haka a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa waje, a nemi asibiti ko da sun ce sun warware. Kada a kwana da kasko a ɗaki. A ƙara bargo, a zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai kyau, a naɗe ta da tsumma a sa wajen ƙafa.

Sai tufafi. Auduga, wadda ita ce rufin asirinmu a zafi, a nan ita ce matsala: tana shan gumi ta riƙe shi, da ka tsaya hutawa sai ta zama jiƙaƙƙen tsumma a jikinka, iska tana zuƙe ɗumin. Jins ya fi kowa laifi, don in ya jiƙe ba ya bushewa. Hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama na ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, na tsakiya mai kauri mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. A fara tafiya ana ɗan jin sanyi, don cikin minti goma jiki zai ɗauki zafi, in aka tsaya kuma a ƙara riga nan take kafin sanyin ya shiga. Safar hannu biyu, siririya a ciki mai kauri a waje, da hular da ke rufe kunne. Baƙin tabarau wajibi ne, kuma duhun fatarmu ba ya kare ido. Sabuwar dusa tana maido da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma ba a jin komai a lokacin. Sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu ido ya kama raɗaɗi kamar an watsa masa yashi, hawaye na zuba, mutum ya kasa buɗe shi kwana ɗaya ko biyu.

Tun bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya daga Denmak ɗaya daga Norwe, kusa da Imlil a Disambar 2018, ba a barin kowa ya hau Tubkal sai da ɗan jagora, kuma jandarmomi suna duba fasfo a hanya. A nemi ɗan jagora mai lasisi a ofishinsu da ke Imlil, a tambaye shi kai tsaye ko ya saba da hawan lokacin dusa. Hanyar tana bi ta ƙauyen Armud, ta ratsa wani faffaɗan fili mai cike da duwatsun da ruwa ya kawo, ta hau zuwa Sidi Shamharush a wajen mita 2,350, inda akwai wani farin dutse da mutanen wurin ke dangantawa da sarkin aljanu, da 'yan rumfunan shayi. Daga nan sai masaukan masu hawa a kan mita 3,200. Daga Imlil zuwa masaukin tafiyar awa biyar zuwa shida ce. Lokacin zafi alfadari ke ɗaukar kaya har masauki, amma da sanyi yana tsayawa inda dusa ta fara, sai 'yan dako su karɓa, don haka a yi cinikin wannan tun a Imlil.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawa. Mutum ya karya kumallo a Marakesh, ya kwana a kan mita 3,200 a ranar. Likitocin tsauni suna ba da shawarar cewa in an haura mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, ga shi tsakanin Imlil da masaukin kusan mita 1,500 ne. Mafita ita ce a kwana biyu a Imlil ko Armud, a yini na biyu a hau mashigin Tizi Mzik mai tudun kusan mita 2,500, a ɗan zauna a sauko. A ƙololuwar Tubkal, kowane numfashi yana shigo da kusan kashi 60 cikin ɗari ne kawai na iskar da ake samu a bakin teku. Ciwon tsauni yana farawa da ciwon kai, da rashin son abinci, da tashin zuciya, da rashin barci, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga shi. Sau da yawa ma ɗan ƙwallo mai ƙarfi ne ke fara faɗuwa, saboda shi ne ke hawa da sauri. Mai wannan alama kada ya ƙara hawa. In kuwa ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa ya kama shi, to ruwa ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu, kuma maganinsa saukowa ne nan take, ko da tsakar dare, aƙalla mita 500, tare da rakiya. Akwai ƙwayar asetazolamaid da ake sha don rigakafi, amma likita ne zai rubuta ta.

Malam Edita, ga wata magana da ɗan jagora ba lallai ya yi wa mutanenmu ita ba, don ba kasafai yake cin karo da ita ba: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS. Mai SS ko SC kada ya kusanci wannan hawan ko kaɗan, domin ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki, abubuwa ukun da ke tayar da ciwon, duk sun haɗu a wuri ɗaya. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, a kan tudu mai tsayi jini yana iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗa, da amai. Kada a ɗauke shi a matsayin ɓacin ciki. A sauko da shi, a kai shi asibiti, a gaya wa likita nau'in jininsa tun kafin ya tambaya. Wanda bai san nau'in jininsa ba ya yi gwaji kafin ya biya kuɗin mota.

Ranar hawa ƙololuwa ana tashi tun kafin asuba da tocilan ta goshi, don a taka dusar tana da tauri. Saura mita 960 ko kusa da haka, tafiyar awa uku zuwa huɗu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, wani lokaci har Mayu, ba a hawa sai da haƙoran ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi, da ɗan gatarin ƙanƙara, kuma ana samun hayarsu a Imlil. A gwada su a jikin takalmin tun a shago. Takalmin dole ya zama mai taurin ƙasa, don mai laushi yana lanƙwasawa haƙoran su suɓuce a tsakiyar gangare. Maɗaurin ya kasance ta gefen waje na ƙafa, a cusa bakin wando cikin safa, a riƙa tafiya ƙafafu a ɗan ware, saboda yawancin faɗuwa daga haƙori ne ya kama wandon ɗaya ƙafar. Ana dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, duk haƙoran su shiga. Gatarin yana hannun da ke ɓangaren tudu, in hanya ta juya a sauya hannu. Ɗan jagora ya koya wa kowa yadda ake kifewa a kan gatarin a tsayar da zamewa, a wuri mai sauƙi kusa da masauki, tun jajibiri. Da rana ta ɗaga, dusa tana yin laushi ta dunƙule a ƙarƙashin haƙoran har su daina kamawa, sai an riƙa buga gefen takalmin da gatari tana faɗuwa. A saukowa aka fi yin haɗari, lokacin da gwiwa ta gaji hankali ya koma kan shayi. A tsayar da lokacin juyowa tun kafin a fita, misali ƙarfe goma sha ɗaya, in ya cika a juya ko da ana hango alamar ƙarfen da ke kan ƙololuwar.

In an zuba dusa mai yawa, a jira kwana ɗaya ko biyu ta zauna. Gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45 shi ne ke zaftarewa, kuma wanda ta binne, in ba a tono shi cikin minti 15 ba, damar samunsa da rai tana raguwa da sauri ƙwarai. Babu wata tawagar ceto da za ta iso cikin wannan lokacin. Ruwan sha lita uku zuwa huɗu a yini, ko ba a jin ƙishi, a sa gorar cikin riga don kada ta daskare, wayar hannu ma haka, don sanyi yana cinye batir. A cika aljihu da dabino da gyaɗa a riƙa ci ana tafiya. Game da alwala, masauki yana da ruwa, amma a tsane ƙafa sarai har tsakanin yatsu kafin a mayar da safa, don jiƙaƙƙiyar ƙafa ce sanyi ke fara ci. Mutanen ƙasar Malikawa ne irinmu, za ka ga ɗan dutsen taimama a masallatansu, kuma yana da kyau matafiyi ya tambayi malaminsa hukuncin taimama da shafa a kan huffi kafin ya tashi. Yatsan da ya yi fari ya mutu ba a jin sa, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, fatar za ta ƙone mai ita bai sani ba. A sa shi a hammata, in an isa masauki a tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39. Wanda ya yi ta karkarwa sannan ya daina alhali bai ji ɗumi ba, yana magana a hargitse yana neman ya kwanta, yana bakin halaka: a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi, a kira jandarmomi a lamba 177.

Yanzu ruwa, wanda a ganinmu ya fi dusar haɗari ga baƙo, don yana zuwa ne ranar da kowa ya saki jiki. A tsakiyar zafi, kwanakin da suke kira samayim, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, mutanen Marakesh suna kwarara zuwa kwarin Urika har ƙauyen Siti Fatma mai magangaran ruwa. Masu abinci suna jera tebura da kujeru a bakin rafin, wasu a cikinsa. A yammacin 17 ga Agustan 1995 hadari ya sauke ruwa a kan tsaunukan da ke saman kwarin. Yankin da ke zubo wa rafin ruwa ya kai murabba'in kilomita 500, yawancinsa tsurar dutse ne mai gangare, babu ƙasar da za ta sha ruwan, sai duk ya haɗu a maƙogwaro ɗaya. Rafin da yara ke wasa a ciki ya koma bangon laka da duwatsu da itatuwa, aka ƙiyasta ƙarfinsa da kimanin kubik mita 1,000 a kowace daƙiƙa, kuma kowane kubik mita ɗaya ya fi tan guda nauyi. Fiye da mutum 200 suka rasu, da yawansu baƙi ne. Hanyar mota ɗaya ce tilo, siririya, tana bin gefen rafin, waɗanda suka ruga cikin motocinsu suka cushe a kanta ruwan ya same su a nan. Imlil ma ta sha ɓarna a ranar. Daga baya an kafa na'urorin auna ruwa da jiniyar gargaɗi a kwarin da taimakon ƙasar Jafan, amma jiniya mintuna kaɗan take ba ka.

Mutanen Agadas sun san irin wannan, ai haka ruwan rafin Telwa ya sauko musu daga duwatsun Ayar a Satumbar 2009. Ga sauranmu, ga alamun. Gajimare mai duhu ya taru a kan tsaunuka bayan azahar, ko a ji tsawa daga nesa, ko da rana tana haskawa inda kake. Ruwan rafi ya sauya daga garau zuwa ja ko ruwan ƙasa. Ganye da ƙirare su fara wucewa. Iska mai sanyi mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo kwarin. Daga ƙarshe a ji ruri kamar na manyan motoci a jere, wannan ƙarar duwatsu ce suna gwaruwa a cikin ruwan, kuma wanda ya ji ta saura masa daƙiƙu. Alama ta farko ta isa a tashi. In masu shaguna sun fara kwashe kujeru, kada a tsaya tambaya. Ba a gudu ta tsawon kwari, ruwan ya fi kowa sauri. Gefen tsauni ake hawa, ɓangaren da ya fi kusa, da ƙafa, a bar mota da jaka da takalmi. A ɗauki yara a hannu. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har manya yana tafiya da su.

Har ina za a hau? A dubi inda tsofaffin gidajen ƙauye suka fara. Armud tana zaune a kan tudun duwatsu, can sama da filin da rafi ke malala, kuma haka tsofaffin ƙauyukan yankin suke, a maƙale a gangare, an bar gindin kwari ga gonaki. Abin da ke bakin ruwa sabon gini ne na kasuwar baƙi. Tsumma da leda da busasshiyar ciyawa da suka sarƙafe a rassan itatuwa suna nuna inda ruwan baya ya kai, sai a wuce su sosai. Rufin ginin da ke cikin hanyar ruwa ba mafaka ba ne. A Agustan 2019, a ƙauyen Tizart na lardin Tarudant, ruwa ya afka wa masu kallon ƙwallo a filin da aka yi a cikin busasshen rafi, wasu suka hau ginin da ke gefen filin, ruwan ya ci gindinsa, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Wata guda kafin nan, ƙasa ta zaftaro bayan ruwan sama kusa da Ijukak ta binne motar haya da mutum 15 a ciki. Girgizar ƙasar 8 ga Satumbar 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a wannan yanki, ta ƙara sassauta duwatsun gangare, don haka in ana ruwa gara a jira a gari da a bi hanyar tsauni. Hukumar yanayi ta ƙasar tana fitar da gargaɗi mai launi, ruwan ɗorawa da ruwan lemo da ja. In lardin Hawuz, inda Imlil da Urika suke, yana kan ruwan lemo a ɗage tafiyar. Wanda zai je Urika da zafi ya je da safe, ya ajiye mota a tudu tana fuskantar hanyar fita, ya bar bakin rafi kafin la'asar, kuma kada ya kafa tanti a kan yashin rafi ko da ya bushe ƙayau.

Lokacin narkewar dusa, daga Afrilu zuwa Yuni, rafukan suna da wata ɗabi'ar: ƙanana ne da safe, su cika da yamma bayan rana ta yini tana narkarwa. Wanda ya tsallaka a kan duwatsu da hantsi yana iya dawowa ya tarar sun nutse. In ruwa mai gudu ya wuce gwiwa kada a shiga. In bai kai ba, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu don a iya yar da ita, a bar takalmi a ƙafa, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara da sanda, a riƙa matsawa gefe-gefe ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan rafin da ke ƙasa da ƙauye ko masauki ba a shan sa sai an tafasa, kuma a sama da mita 2,000 a bar shi yana tafasa minti uku, don a can ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba.

Baƙon da ambaliya ta tsare a ƙauye zai ga washegari maza sun fito da fatanya da kwanduna. Madatsar da ke karkatar da ruwa zuwa targa da duwatsu da rassa ake yin ta, da gangan ba a ƙarfafa ta, don in babban ruwa ya zo ya tafi da ita ya bar magudanar da gonakin. Sake ta aikin gayya ne, su suna ce masa tiwizi, kowane gida mai rabon ruwa ya ba da mutum, kuma sai an gama da ita ake komawa kan hanyar mota. Mai lafiya ya sa hannu, wanda ba zai iya ba ya biya kuɗin kwanansa da abincinsa da kyau ko sun ce ya bari.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu na Maroko da masu shirya tafiyar ziyara shi ne, kafin kowace fita a rubuta sunayen masu tafiya da nau'in jininsu, da hanyar da za su bi, da ranar dawowa, a bar takardar a hannun wanda ya zauna a gari, tare da lambar ɗan jagoran. Kai kuma Malam Edita, muna roƙon a sake buga wannan jan kunne a farkon Disamba da kuma tsakiyar Yuli, lokutan da aka fi yin waɗannan tafiye-tafiye.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Wassalam.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarku, daga Marakesh